Ɗakin da Aka Karɓe wa Bubayero

Malam Kalli magini ne, Babarbare, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda cuɗa laka. Shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Nguru, baƙi suka yi ta kwararowa neman dakon gyaɗa da fatu, wasu da iyalansu suna kwana a rumfunan kasuwa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tara maƙwabta, suka roƙi fili wurin mai unguwa, suka kafa ƙungiyar gayya. Kowace Laraba a kwaɓa ƙasa, a yanko ciyawa, a tayar wa marar muhalli ɗaki. Sharaɗin ɗaya ne: wanda aka gina wa, shi ma ya fito a gina wa wani. In ya yi fashi uku ba dalili, ya bar ɗakin. Kalli ne ya kawo sharaɗin, yana kuma tinƙaho da shi.

Cikin waɗanda suka samu ɗaki akwai Bubayero, dattijon Bafulatani daga wajen Yusufari, wanda annoba ta cinye masa shanu kaf. Ba shi da yawan magana, amma gwani ne wajen jinka. Shekara biyu bai taɓa fashi ba, sai wata damina aka yi Laraba uku ba a gan shi ba.

Kalli ya je ya tsaya a ƙofa, asabari a sake.

"Baffa, lafiya ba a ganinka?"

"Lafiya ƙalau, Malam."

"To, ka san sharaɗi. Ga mutane suna jira."

"Na sani. Allah ya saka da alheri."

Bayan kwana biyu aka tarar da ɗakin a share, ba kowa, aka ba wani ɗan dako mai 'ya'ya huɗu. Sai da mako ya zagayo Meram mai fura, maƙwabciyar Bubayero, ta tare Kalli a hanya.

"Malam, ka ɗaga asabarin nan kuwa? Kurkunu ne ya kama masa ƙafa biyu, da rarrafe yake fita alwala. Kunya ta hana shi faɗa. A jakin fatake aka ɗora shi zuwa Gashuwa."

Kalli ya yi kwana biyu yana tafiya cikin taɓo. Ya same shi a bakin kogi, a rumfar masunta, yana ɗinke musu komar kamun kifi. Kalli ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce su koma Nguru.

"Wa ke cikin ɗakin yanzu?" in ji Bubayero.

Kalli ya gaya masa.

"A fitar da yara saboda ni? A'a."

"Sai mu gina maka sabo, Baffa."

"Na yafe maka, Malam. Amma na gaji da tashi."

A wannan rumfar ya rasu kafin kaka.

Kalli ya dawo ya sa aka soke sharaɗin. Ya ƙara shekara goma sha biyar yana gini, har unguwar ta cika, aka yi mata masallaci. In an yaba masa a taro, sai ya sunkuyar da kai, ya tambaya ko ciyawa ta iso.