Tsohuwar Bishiya a Cikin Kasko

Ɗis, ɗis, ɗis. Ina kicin ina tsince acca na ji ƙarar, kamar ruwa na ɗiga a kan kwano. Na zaci famfo ne ya sake lalacewa, sai na leƙa baranda. Maigidana na gani a durƙushe, ko hula bai cire ba, yana tsiyaya ruwa da butar shayi a cikin wani kasko mai faɗi marar zurfi, ruwan yana fita ta ƙasa yana sauka a farantina na silba. A cikin kaskon kuwa bishiya ce. Bishiya sosai, da gindi da rassa da ɓawo duk ya tsattsage, amma tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba.

"Malam, wannan fa?"

"Baƙuwa muka yi," in ji shi. "Wata uku za ta yi mana."

A ƙarshen shekarun saba'in ne, muna zaune a Jos, yana aikin akawu a wani kamfanin haƙar kuza. Ogansa, wani tsohon Bature injiniya da ke Rayfield, zai tafi ƙasarsu a yi masa aikin ido, shi ne ya ba shi ajiyar bishiyar. Wai daga Japan wani amininsa ya kawo masa, kuma ta haura shekara sittin. Irin wannan renon ana ce masa bonsai. Ganyenta kamar allura, irin na dogayen itatuwan nan da ma'aikatan gandun daji ke shukawa a bayan gari, waɗanda ke fin bene tsawo.

Har da takarda aka haɗo mu, da Turanci. Na yi sakandare, don haka na karanta da kaina. Ruwan sama kawai za a ba ta. Kada a sa taki. Kada a sauya kasko. Kada a taɓa waya.

Wayar ce ta hana ni sukuni. Ta jan ƙarfe ce, an nannaɗe kowane reshe da ita, an lanƙwasa wannan ƙasa, an karkatar da wancan gefe. Saiwoyin bishiyar a waje suna riƙe da 'yar ƙasar da ba ta kai cikin mudu ba. In na fito shanya sai in tsaya ina kallonta. Wani lokaci in ga ta yi mini kyau har in manta da wankin, sai kuma kunya ta kama ni, kamar na tsaya kallon mai lalura a kasuwa. Shekara sittin ana hana abu girma, a ce wai gwaninta? An koya mana duk mai rai da ka tsare za a tambaye ka a kansa. An kuma koya mana amana ba a taɓa ta. Ban taɓa zaton waɗannan biyun za su yi karo a barandata ba.

Na yi wa Malam maganar, ya yi dariya. "Ke fa ko kaza aka yanka sai kin yi hawaye. Bishiya ce, ba ɗan fursuna ba."

Wata Juma'a, yana masallaci, na ɗauko filayarsa. Na ce reshe ɗaya kawai zan sassauta wa, na ƙasan nan da waya ta fara nutsewa a jikinsa. Na yi bisimilla na fara warwarewa. Zagaye uku na kwance, a na huɗu na ji ƙas. Reshen bai faɗi ba, ya dai tsage daga gindi ya langaɓe. Na yago tsumma, na samo tsinken tsintsiya biyu na yi masa ɗori kamar yadda ake wa ɗan akuya. Don ya samu ƙarfin warkewa kuma, na roƙo kashin awaki a maƙwabta na barbaɗa cikin kaskon.

Kwana biyu bayan haka wata dattijuwa ta zo, manomiya ce daga Kabong da ke kawo mana dankali da kabeji. Ta sauke kwandonta, ta ga kaskon, ta daɗe a sunkuye.

"Amarya, wa ya sa mishi taki?" Haka take Hausarta, kowa namiji ne a bakinta.

"Ni ce, Mama. Yunwa take ji."

"Yunwa! Kwashe, kwashe maza, zai ƙone shi. Wannan ai tsoho ne, ya girme babanka. Kai ba ka hawa dutse ne? Je ka duba itacen da ya fito a tsagin dutse, haka yake, gajere, karkatacce, iska ya murɗe shi. Awaki ma sun gaji sun bar shi."

"To wancan Allah ne ya murɗe shi, Mama. Wannan fa mutum ne."

Ta ɗaga kafaɗa. "Ni ma ina yanke wa tumatir kai. Sayi dankali, rana na yi."

Na kwashe takin da cokali, amma reshen bai rayu ba. Ganyensa ya yi ruwan ɗorawa, ya koma ja, ya zube. Da na faɗa wa Malam bai yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ni aka ba wa amanar. Yanzu da wane ido zan kalli mutumin?" Sauran makonnin nan ko abinci ba na jin daɗinsa. Ina idar da salla in roƙi Allah kada sauran rassan su bi, in kuma rasa ko daidai ne in roƙa wa abu ya ci gaba da zama a ɗaure.

Ranar da Baturen ya zo ɗauka, da hantsi ne, sanye da baƙin tabarau. Na yafa mayafi na fito, na ce wa Malam ni zan faɗa da bakina. Na tattaro Turancin makaranta na faɗi komai, har kashin awakin. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya kwance tsummana, ya ga tsinken tsintsiya, ya dube ni, ya sake duban tsinken. Sai ya ce a ba shi filaya.

Na ce shi ke nan, zai cire reshen ya nuna mini ɓarnata. Maimakon haka ya karya rabinsa, ya shiga ɓare ɓawon sauran a hankali, yana tsage bakin, har ya zama fari fat kamar ƙashi. Ya ja da baya ya karkata kai. Wai shekara da shekaru yana jin reshen nan ya yi yawa, ya kasa samun zuciyar taɓa shi. Yanzu, in ji shi, ta yi kama da bishiyar da aradu ta faɗa wa ta kuma rayu. Ya ce ya gode.

Ya gode! Na kalli Malam, shi ma ni yake kallo. Na ci amana, na kashe reshe, an yi mini godiya. Na so in sauƙaƙa wa bishiyar, na ƙara mata rauni, raunin kuma wai shi ne adon. Har yau in na tuna ban san ko istigfari ya kamata in yi ko hamdala ba, sai in yi duka biyun.

Malam da Baturen suka fita buɗe bayan mota. Na juyo na tarar da 'yata ta fari, lokacin shekararta biyar, ta kwanta rub da ciki a siminti, haɓarta a ƙasa, dab da kaskon. Na ce ta tashi kada ta ɓata riga. Ko motsi ba ta yi ba.

"Umma, zo ki kwanta nan kafin a tafi da ita. Daga nan ƙatuwa ce, har ana ganin sama ta cikin ganyenta."