Harafin Zalia Mai Ƙaho

Duk wanda ya san unguwar Dungu a Tamale ya san Zalia mai kwamfuta. Shagona na ɗinki yana manne da nata, don haka shiru na kunne bai taɓa zama rabona ba. Katin aure, takardar suna, allon shago, duk ita ce. Kuma fa tana da alfahari guda ɗaya wanda take yi mana safe da yamma: tun da ta buɗe shago ba ta taɓa kuskuren harafi ba. Wallahi har haushi take ba ni, ga shi kuma gaskiya take faɗa.

Harsunan Dagbanci da Twi suna da wani harafi mai buɗaɗɗen baki, ɛ, wanda babu shi a madannan kwamfuta. Masu buga takardu a Tamale sun daɗe da samo dabara: sai su shiga rumbun alamomi su aro na Girkanci, tunda kamarsu ɗaya kamar tagwaye. Zalia ma haka ta koya, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Sai ga Anti Abena, 'yar Kumasi, za ta buɗe gidan fufu a bakin titi. Tana son babban allon leda da manyan haruffa, a rubuta "ɛyɛ dɛ", wato da daɗi. Ta kuma yi alkawarin in ya yi kyau za ta turo duk matan cocinsu. Zalia ta shiga aro kamar kullum, amma hira ta ɗauke ta, hannu ya zame ya ɗauko maƙwabcin harafin, mai ɗan ƙaho a ka. Ta mayar da rubutun manyan haruffa, ta tura wajen masu bugawa tana 'yar waƙarta.

Ranar buɗewa aka warware allo a gaban jama'a: ΈYΈ DΈ.

Anti Abena ta dafe kai. "Ei, Zalia! Wannan wane yare ne? Twi na ba shi da ƙaho!"

Ni kam dariya ta ƙwace mini har na zauna a kan bokitin wanke hannu. Zalia ta ce, "Anti, inji ne ya yi, ba ni ba." Wani Eugene, mai karatun zama fasto, ya matso da murnarsa ya ce shi ya san wannan, Girkanci ne tsantsa. Ya ce kwamfuta ba ta kallon siffa, lamba take bi. Wannan mai ƙahon lambarsa 0388, babban Ɛ na Twi kuwa 0190, ko dangi ba su haɗa ba. Anti ta ce masa ya ci fufunsa ya bar mata lissafi.

Zalia ba ta sake yi mana alfahari ba. Ta yi ta tone-tone a kwamfutarta har ta gano Ɛ na gaskiya, ta buga sabon allo, fes, babu ƙaho ko ɗaya. Ni na taya ta ɗauka. Muka tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, tun kafin mu gama kwatance direban ya ce, "Mai ƙaho? Ku shigo, kowa can yake zuwa."

Muka tarar da layi har bakin kwata. Ɗalibai suna ɗaukar hoto a ƙarƙashin allon, wani na rantsuwa rubutun Sinawa ne. Zalia ta shimfiɗa sabon a gaban Anti Abena, tana haki don murna.

Anti ta duba ta ce, "Ya yi kyau, ɗiya na. Kai shi gida. In na cire ƙaho, yaya mutane zai same ni?"

Matan coci kuwa sun zo, kamar yadda aka yi alkawari. Kowace ta shigo sai ta ce a sa mata "harafin Zalia", har mai sayar da ƙwai. Zalia takan cije leɓe ta danna musu 0388.

Allon da babu kuskure a cikinsa kuwa, yana nan ta ɗaure shi a gaban shago yana tare mana rana. Jiya na ga ta tsaya tana kallonsa. Ta ce da ni, "Memunatu, ke kaɗai kika san wannan ne daidai." Na ce mata ni ma fa ban iya Twi ba.