Zakaru Talatin da Bakwai a Gindin Taga

Shekara talatin da huɗu ya yi yana walda, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwar, kowa sai dai ya ce Mai Walda. Rabin ƙofofin ƙarfen layin aikin hannunsa ne, haka tagogi da gadaje da ƙafafun tankin ruwa. Ba mai yawan magana ba ne. In ka kai masa aiki zai duba ya ce ka dawo Laraba, kuma ranar Laraba za ka tarar da abinka a jingine. Abin da sana'ar ta bar masa shi ne tabon tartsatsi a damatsa, da ciwon baya, da idanu masu zubar da ruwa. Ranar da likita ya haska idon ya ce in ya ƙara wata shida a gaban wutar walda sai an riƙa ja masa sanda, bai yi gardama ba. Ya kulle shago, ya turo injin gida a baro, ya lulluɓe shi da buhu.

Zaman gida ya fi masa walda wahala. Sati biyu yana bin matarsa da ido daga kicin zuwa igiyar shanya, har ta gaji.

"Baban yara, don Allah ka nemi abin yi. Ko tsintsiya na ɗauka sai na ji idonka a ƙeyata."

Sai kiwon kaji ya faɗo masa a rai. A bayan gidan akwai fili mai faɗin ɗaki biyu, ba komai a ciki sai tsofaffin rodi da tayoyin baro. Bai taɓa riƙe ɗan tsako ba a rayuwarsa. Abin da yake so bai da yawa: ya riƙa shigowa da ƙwai kowace safiya ya ajiye a gaban matarsa, a san har yanzu akwai abin da yake shiga gidan ta hannunsa.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da ƙanin matar, wanda ake kira Rediyo don bakinsa ba ya mutuwa. Rediyo dillalin komai ne, waya, babur, fili, har da 'yan tsaki daga wata gonar ƙyanƙyasa a bayan gari. Shi ya kawo kwali biyu a bayan babur, tun daga ƙofa yake zuba.

"Injiniya, ka ga waɗannan? Mata ne zalla, guda arba'in, a gabana aka zaɓa. Wata biyar ka fara kwasar ƙwai har ka rasa mazubi. Yaya, ki shaida, yau na yi wa mijinki rana."

Mai Walda ya leƙa kwalin. 'Yan mitsi-mitsi ne, farare sol, suna ta tsuwa. Ya biya, ya ce, "To."

Yadda yake walda haka ya kama kiwon. Ya shimfiɗa garin katako, ya kewaye da kwali, ya sa tukunyar garwashi a tsakiya. Ya koyi karanta su da ido: in sun dunƙule wuri ɗaya sanyi suke ji, in sun watse gefe suna buɗe baki zafi ya yi yawa. Kwana biyu da zuwansu ɗaya ya nutse a kwanon ruwa, sai ya zuba tsakuwa a kwanon yadda baki kawai zai kai. Biyu suka mutu kashi ya bushe ya toshe musu baya, kafin mai shagon maganin dabbobi ya gaya masa a goge da ruwan ɗumi. Daga nan kullum da hantsi yana zaune kan kifaffen bokiti da tsumma, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nasa masu kaurin guduma.

Matarsa ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. "Ikon Allah. 'Ya'yanka biyar, ban taɓa ganin ka wanke wa ɗaya gindi ba."

"Su suna da uwa," ya ce, bai ɗago ba.

Talatin da bakwai suka rayu. Abin mamaki, mutumin da ba ya magana sai ga shi yana ba da labari. A shagon aski na bakin layi, inda mazan unguwa suke zama da yamma, sai ya riƙa cewa yau 'yan matansa sun fara fitar da fiffike, yau an ɗiga musu rigakafi a ido. Su kuma da ya shigo sai a tarye shi. "Mai Walda, ya 'yan mata?" A yi ta dariya. Shi a zatonsa murna ake taya shi.

A sati na bakwai zankon kansu ya yi ja, ƙafafu suka yi tsawo, suka fara tsalle suna dukan juna da ƙirji. Wata safiya ɗaya ya miƙe wuya ya yi wani irin kuka kamar tsohuwar ƙofa mai tsatsa. Mai Walda ya kamo shi. Ya sa shi a kwando ya nufi shagon maganin dabbobi, ya ce mura ta shiga masa kaji, a ba shi magani tun kafin ta bi sauran.

Mai maganin ya juya tsuntsun, ya dubi tsohon, ya cije leɓe. "Baba, wannan lafiyarsa ƙalau. Cara yake koyo."

"Kaza tana cara?"

"Zakara ne."

Har gida ya bi shi ya duba sauran. Bai daɗe ba ya miƙe yana karkaɗe hannu. "Duk maza ne, Baba. Wannan irin tun ranar ƙyanƙyasa ake gane su, matan jajaye suke fitowa, mazan farare. Duk wanda yake ɗauko tsaki ya san haka. Mazan ma roƙon mutane ake yi su kwashe."

Mai Walda ya sallami mai maganin. Da yamma ya je aski. Yana kan kujera an ɗaura masa zane a wuya, ya ce wa mai askin ta cikin madubi, "Kun sani?"

Mai askin ya kashe injin, ya sosa kunne. "Wallahi tun ranar da Rediyo ya kai maka su ya biyo ta nan. Ya ce mu yi shiru mu ga ranar da Injiniya zai soya ƙwan zakara. Ni dai na so in gaya maka."

"Ƙarasa askin."

Ya zauna har aka gama, aka kakkaɓe masa wuya. Sati bakwai ke nan yana shigowa shagon nan yana ba da labarin 'yan matansa, mutanen da ya yi wa ƙofofi suna kallon bakinsa.

Matarsa ta yafa mayafi za ta shiga gidan ƙanin nata ta wanke shi tas, ya ce ta zauna. Washegari Rediyo ya shigo da kansa, haƙora a waje.

"Haba Injiniya, in ban yi wasa da mijin yayata ba da wa zan yi? Ka yi haƙuri. Yanka za ka yi ku sha romo, ni ma a miƙo min ta katanga."

"Na ji," in ji Mai Walda.

Rediyo ya fita yana ganin magana ta wuce.

Da gari ya waye Mai Walda ya yaye buhun da ke kan injin. Matarsa ta fito da gudu. "Idon fa? Ka manta abin da likita ya ce?" Ya sa baƙin gilashi ya tsuguna. Kwana uku yana yi yana hutawa. Ya fara da auna katanga, sannan ya hau bokiti ya auna tagar ɗakin kwanan Rediyo, wadda ba ta fi kamu uku daga katangar ba. Ya ƙera keji dogo mai hawa biyu, hawan sama ya ɗara katangar da taƙi ɗaya. Ya rufe baya da gefuna da kwanon rufi, ya bar fuska ɗaya da raga, yadda duk sautin da ya tashi hanya ɗaya zai bi. A ƙasa ya sa tayoyin baro huɗu. Da ya gama, sati guda idonsa jawur, yana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Ko sau ɗaya bai ce wayyo ba.

Ya zuba zakarun a ciki, ya tura kejin gindin tagar, ya ci gaba da kiwo kamar da, har ma ya ƙara musu abinci.

Da suka cika wata huɗu murya ta nuna. Ɗaya zai fara, talatin da shida su amsa, kwanon rufin ya tattara ya watsa cikin ɗakin Rediyo. Tun asuba suke farawa, su yi da hantsi, su yi da azahar, in babur ya wuce ma su yi. Rediyo kuwa mutum ne mai barci har rana ta take, kuma duk cinikinsa a waya yake. Masu kiransa suka fara tambaya ko kasuwar kaji ya koma. Ya kwashe katifa ya koma falo. Mai Walda ya saurara ta katanga kwana ɗaya, ya gane, ya tura kejin taku takwas zuwa tagar falon. A ranar matarsa ta fahimci amfanin tayoyin.

Rediyo ya gwada abin da ya iya, wato baki. Ya leƙo ta katanga ya yi barkwanci, ba a tanka ba. Ya yi rantsuwa cewa shi ma cutarsa aka yi a gonar. Ya ce ya samo mai saye da zai kwashe su duka yau-yau. Daga ƙarshe ya turo mai aski ya ba da baki.

Mai Walda yana zuba dusa ya ce, "Ba na sayarwa ba ne. 'Yan matana ne, ƙwai nake jira. Shi ya ce wata biyar."

Ba Rediyo kaɗai yake ɗanɗanawa ba. Zakarun suna cin buhu kamar wuta, ba sa mayar da komai sai kashi. Suna faɗa har su fasa wa juna kai, shi yake bi yana shafa musu shuɗin magani. Gidansa ma ba a jin maganar juna. Matarsa ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta same shi a bayan gida.

"Baban yara, shi kake horarwa ko ni?"

Maganar ta taɓa shi. Amma ya tuna fuskokin shagon aski, sai ya ɗauki gwangwanin mai ya tsuguna yana ɗiga wa tayoyin.

Ita ce ta shiga gidan ƙanin nata. Ta katanga Mai Walda yana jin muryarta tsakanin cara da cara. "Kai ba ka san wanda na aura ba? Shekara talatin ban taɓa ganin haƙurin baki ya shiga kunnensa ba. Ka kawo abin da ido zai gani, ko ka sayar da gidan."

Bayan kwana tara, da la'asar, Rediyo ya turo babur ƙofar gida da kwali biyu a baya. Idanunsa sun kumbura, ya rame a wuya.

"Ga su, Injiniya."

"Ba nan ba. Inda ka yi maganar, can za ka sauke."

Suka tafi, Rediyo yana tura babur, Mai Walda yana biye da hannu a baya. Shagon aski a cike yake. Aka aika aka kira mai maganin dabbobi. Rediyo ya tsuguna ya buɗe kwalayen a gaban kowa. 'Yan tsaki ne jajaye. Mai maganin ya ɗaga su ɗaya-ɗaya, ya duba, ya ce mata ne duka. Babu wanda ya yi dariya. Wani ya buɗe baki zai ce wani abu, ya dubi fuskar Mai Walda, ya mayar da hankali kan takalminsa. Rediyo kuwa, tun da aka san shi, ranar aka fara ganin bakinsa a rufe.

Sai da aka mayar da murfin kwalin ya ce a hankali, "Yanzu za a janye kejin?"

"Kai ka kawo su, kai za ka kai su kasuwa. Da rana, ta wannan layin."

Sawu shida Rediyo ya yi washegari, zakaru a ɗaure a bayan babur suna yi masa cara a ƙeya, mazan shagon aski suna ɗaga masa hannu duk wucewa. Mai Walda bai fito kallo ba. Yana bayan gida yana hura garwashi, yana zuba tsakuwa a kwanon ruwa, sababbin 'yan tsakin suna tsuwa a cikin garin katako.

A sawu na ƙarshe Rediyo ya miƙa hannu zai kamo wanda ya rage a hawan sama, wani ƙato mai ido ɗaya da muryarsa ta fi ta kowa. Mai Walda ya rufe ƙofar kejin ya sa sakata.

"Wannan yana nan."

Mai maganin dabbobi, wanda ya zo ɗiga wa sababbin rigakafi, ya ce, "Baba, ai kajin ƙwai ba sa bukatar zakara. Ko babu shi za su yi."

"Na sani," in ji Mai Walda.

Ya dafa kejin da hannu biyu, ya mayar da shi gindin tagar ɗakin kwanan Rediyo, ya sa dutse a bayan taya.