Malama Marta Mai Igiya Ɗaya

Kullum da safe, kafin masu ɗiban yashi su sauka bakin kogi, za ka ga Malama Marta ta fito daga gidanta na Sabon Gari, jaka a kafaɗa, igiyoyin ɗaure shanu guda biyu suna leƙowa daga bakin jakar. Baƙo zai ɗauka kara ta nufa. Makarantar 'yan mata za ta, inda ta yi shekara da shekaru tana koyar da Turanci, inda kuma za ta ajiye alli a ƙarshen wannan zango.

Ni malamin Hausa ne a makarantar, kuma mun daɗe muna 'yar tsama da ita. Ni zan koya wa yara su ce "duk da ya yi karatu, amma ya faɗi", Hausa ta zauna daram. Sai su kwashi wannan su kai ajinta, su jera although da but a jimla ɗaya, ko because da so, ita kuma ta ce ba a gidanta ba. Takan tare ni ta ce, "Malam Nu'uman, kai kake ɗaurewa, ni nake kwancewa." Ni kuma in ce mata kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ba ta gyara wannan da bulala. Yara biyu take kira gaban aji, ta haɗa hannuwansu da igiya, ta ce su yi tafiya, su tafi lafiya lau. Sai ta ɗauko ta biyun ta haɗa ƙafafunsu, nan da nan su harɗe, aji ya kece da dariya. Ta jira a nutsu sannan ta ce, "Igiya ɗaya ta isa." Da haka sunan ya bi ta har kasuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Ikilima, wata yarinya 'yar Darki da muka koyar shekarun baya. Kanta na ja, amma tana da i'ina. Da ta ji magana za ta maƙale, sai ta riƙa jibga waɗannan kalmomi na haɗi ɗaya kan ɗaya, don kada a ji ta yi shiru. Da aka zo zaɓen wadda za ta wakilce mu a muhawarar makarantu a Kano, kowa ya tsallake sunanta. Malama Marta ta ce ita take so. Ta gane abin da ya shige mana duhu: yarinyar ta san ƙa'ida sarai, tsoron shiru ne ke damunta.

Mahaifinta, Malam Sabo, ya aiko cewa bai yarda ba. Malama ta hau acaɓa cikin caɓin damina har Darki, ta zauna a tabarma, aka gaisa, aka tambayi gona da ruwa. Ya ce, "Malama, kada a kai mini 'ya birni a yi mata dariya. In aka yi mata, ba za ta ƙara buɗe baki ba."

Ta ce, "Baba, in an yi mata dariya, da ni aka yi. Ka ba ni aronta."

Da ƙyar ya yarda. Kullum bayan an tashi Malama tana tare da Ikilima a gindin darbejiya, tana koya mata abu guda: in magana ta tsaya, ki tsaya tare da ita, ki ja numfashi. Ranar tafiya ta yanko guntun igiyar ta damƙa mata.

Ina cikin zauren a ranar. Ana tsaka da jawabi Ikilima ta maƙale. Aka fara ƙus-ƙus daga baya. Na ga ta matse guntun igiyar a ƙarƙashin hijabi, ta yi shiru, ta dubi alƙalai ido cikin ido, sannan ta ƙarasa jimlarta tsaf. Na biyu muka zo. Wallahi ban taɓa alfahari da na biyu irin na wannan rana ba.

Malama Marta, ke ce kika zo garin nan baƙuwa, kika zama uwa. Ke ce kika koya wa 'ya'yanmu cewa ba sai sun cika magana da tarkace za a saurare su ba. Mai igiya ɗaya, Wudil ta gode. Allah ya ba da lada, ya sa a huta lafiya. Ku kuma malamai 'yan baya, kafin ku zabga jan biro a takardar yaro, ku tsaya ku duba me yake tsoro.

Makon jiya aka turo mana wadda za ta karɓi ajin. Ta shigo, ta durƙusa ta gaida Malama, ta buɗe jaka ta fito da wani guntun igiya da ya yi baƙi don tsufa. Ikilima ce. Ta ce, "Mama, na dawo da aron da kika ba ni."

Malama ta zaro igiyoyin nan biyu ta ɗora mata a hannu. Ta buɗe baki za ta yi magana, magana ta ƙi fita. Ikilima ta riƙe hannunta ta ce, "Ki tsaya, Mama, ki ja numfashi. Muna jira."