Kitson Mis Odessa

Ƙarfe shida na safe Anti Kubura take hawan bas a tashar cikin gari, jakarta ɗauke da mataji, tsinken kitso da ƴar kwalbar man kai. Tun 1977 take wanke tsofaffi tana ba su abinci a baki a wani gidan jinya a nan birnin Greensboro. Ba ta shiga ɗaki sai da sallama, ko da mai ɗakin kurma ne. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara goma sha ɗaya.

Larai, abokiyar aikinta, ita ta ba ni labarin Mis Odessa. An kawo tsohuwar a 1985 bayan shanyewar ɓarin jiki. Namiji aka haife ta, amma ta yi shekara arba'in tana rayuwa a matsayin mace. Aka ajiye ta a ɓangaren maza, ana kiran ta da sunan da ke cikin fayil. Wasu ma'aikatan a bakin ƙofa suke dire mata abinci, wai tsoron cutar ƙanjamau, alhali likita bai ce tana da ita ba. Gashinta ya cukurkuɗe don ba mai taɓa shi. Sai shugabar nas-nas ta ce ranar Juma'a a aske shi.

Kubura ta shiga ranar Alhamis ta gaishe ta, ta ce, "Mama, wane suna kike so in kira ki?"

"Odessa. Kada ki bari su aske ni. Shi kaɗai ya rage mini."

Awa biyu ta yi tana warware shi da mai, sannan ta yarfa mata shuku. Da shugabar ta zo da almakashi, Kubura ta ce, "Madam, tsabta doka ta ce, ba aski ba. Duba ki gani." Matar ta ja mata kunne cewa aikinta take wasa da shi. Amma ta mayar da almakashin aljihu.

Maganar ta kai ga mutanenmu na gida da ke zaune a garin nan. A wajen wani suna Malam Garzali ya ce, "Anti, kin kuwa san wa kike yi wa kitso?"

Ta ce, "Malam, mara lafiya ce. Kai ma in ka kwanta zan gyara maka wannan gemun."

Anti Kubura, ke ce mai hannun sanyi. Duk mako biyu kika riƙa sabunta kitson nan har shekara biyu, ke kike kai mata abinci har gado. Larai ta ce ranar da Mis Odessa ta rasu, shukunta bai ko tsufa ba.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ɗalibaina masu shirin aikin jinya, ku riƙe wannan: kafin ku buɗe fayil, ku yi sallama, ku tambayi mai gadon sunansa.