Tambayoyin da Ban Yi wa Asiya Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar 'yata Asiya, kuma abin da nake fata a ce ban aikata ba, a idon mutane ba wani babban laifi ba ne. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, ban kuma hana ta makaranta ba. Ƙin zama na yi in saurare ta, shekara da shekaru, alhali ba abin da take nema a wurina sai tambaya guda ɗaya.

Ni mutumin Zariya ne. Na sauko Kuje bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da duk inda ka juya a Abuja gini ake yi. Na buɗe shagon kayan gini, siminti da ƙusa da kwanon rufi da fenti, Allah kuma ya sa albarka. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya. Lissafi da ka ba wanda zai cuce ni, amma Turanci sai na bi shi baƙi bayan baƙi, wani lokacin ma in kai ƙarshe ban san me na karanta ba.

Asiya ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yana. A aji uku na firamare ta faɗa hannun wata malama mai suna Rifkatu, 'yar Gbagyi daga wani ƙauye kusa da Kwali. Malamar nan tana da tsarinta. Duk abin da aka koya a aji, yaro zai je gida ya koya wa wani babba, shi kuma babban ya yi masa tambaya ɗaya. Washegari yaron zai miƙe ya faɗi tambayar, aji gaba ɗaya a nemi amsa.

Da farko na yarda. Ta same ni a shago da yunifom ɗinta, ta ce darasin karatu ne, in karanta abin da ke jikin gwangwanin fenti. Na karanta. Cikin ladabi ta ce, “Baba, ba haka ake faɗa ba,” ta gyara mini. Akwai wani direban tifa a tsaye yana jiran a loda masa kaya, sai ya bushe da dariya ya ce, “Oga, tashi ka ba ta kujerar, ga mai shagon ta iso.” Yaran shago suka ɗauka. Na yi dariyar tare da su, amma daga ranar na rufe ƙofa.

Ita ba ta gane an rufe ba. Ta zo mini da murafan kwalba tana jera su kashi-kashi don ta nuna mini yadda ake rabawa, na ce ba ki ga ina aiki ba? Ta zo da gwangwanin madara da auduga jiƙaƙƙiya a ciki, wake ya tsiro, na ce je ki wajen uwarki. Ta zo da wata 'yar tukunya karkatacciya da suka gina da yumɓu, na ce ta yi kyau ba tare da na ɗaga kai ba. Uwarta Hauwa tana saurarenta a bakin murhu, sai dai ita tambayarta kullum ɗaya ce: “To, kin ci abinci?”

Wanda ya fi tsaya mini a rai lokacin tana sakandare ne. Wata rana bayan la'asar ina kishingiɗe a tabarma ina jin rediyo, ta kawo kofuna uku na ruwan zoɓo ta jera a gabana. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Ta zuba ruwan kanwa a na biyu, sai na ga ya juye ya koma kore-kore mai duhu. Ta gefen ido nake kallo, kuma wallahi abin ya ba ni mamaki. Tambayar ta zo har kan harshena: me ya sa? Amma na san in na tambaya za ta yi bayani da kalmomin da ban sani ba, ta kuma ga ban sani ba. Sai na miƙa hannu na ƙara ƙarar rediyo.

Ta ɗan jira. Sannan ta tattara kofunan ta ce, “Ba komai, Baba, sai wani lokaci.”

Tana shekarar farko a kwalejin horar da malamai zazzaɓi ya kwantar da ita, bai kuma ba mu lokaci ba.

Ana zaman makoki aka ce wata mata tana son ganina a ƙofar gida. Malama Rifkatu ce, ta manyanta, ta yafa mayafi. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Bayan ta yi mini ta'aziyya ta ce, “Baban Asiya, na daɗe ina so in ga fuskarka. Tun da nake koyarwa ban taɓa samun uba mai tambaya irin taka ba.”

Na ce, “Ni?”

“Kai mana. Ba kai ne ka ce wake yana cikin ƙasa a duhu, yaya aka yi ya san inda sama take ba? Ranar har aka buga ƙararrawa ba mu gama ba. Da wadda ka ce in duniya juyawa take yi, me ya hana alƙibla canzawa? Wannan sai da na je na tambayi malamin sakandare. Ko bayan ta bar ajina takan leƙo ta ce, Malama, Baba ya sake kawo wata.”

A nan na gane abin da yarinyar nan ta riƙa yi. Kowace safiya yara suna miƙewa da tambayoyin iyayensu, ita ba ta da komai a hannu, sai ta zauna ta ƙirƙiro, ta ce ni ne. Ba ta bari ajinsu ya san ubanta yana korarta ba.

Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Allah sarki.” Malama ta tafi da abin da ta zo da shi. Da na shiga gida na tarar da Hauwa a bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta ce, “Alhaji, ba ka gaya mata ba?” Na ce a'a. Ba ta sake tayar da maganar ba har ita ma ta bar duniya.

Yanzu ni kaɗai ne a gidan. Babban ɗana ne ke riƙe da shago, sauran suna Karu da cikin gari, suna zuwa in sun samu sarari. Filin da ke bayan gidana, inda Fulani kan tsaya da shanu a da, an gina makarantar kuɗi a kai. Da safe ina jin yara ta katanga suna rera lissafi, malama ta faɗa su maimaita. Nakan matsar da kujera kusa da katangar. Wani abin ina ganewa, wani ba na ganewa, kuma a wannan shekarun rashin ganewar ya daina ba ni kunya. Sai dai ba wanda zan tambaya.

Jikokina in sun zo hutu nakan ce, “Me aka koya muku?” Su ce, “Ba komai, Kaka,” idonsu a kan waya. In aikin gida ya gagare su, wayar suke tambaya, ita kuwa ba ta gajiya, ba ta cewa tana aiki. Ban ga laifinsu ba. Nakan yi tunanin me Asiya za ta ce da ta ga wannan zamani. Ina jin da ba za ta yi faɗa da wayar ba, don ita duk abin da ke ba da amsa tana sonsa. Amma na tabbata da tana da aji, sai ta tura yara gida ta ce a tambayo mata wani mai rai.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta kai ga riƙe alli ba. Abin da ya rage nata, Malama ta gaya mini a ranar cewa kowace shekara tana yi wa sabon aji tambayar waken nan, tana ce musu ta wani Alhaji ce mai sayar da siminti. Ke nan a Kuje akwai magidanta da matan aure da suka taɓa zama suna tunani a kan abin da Asiya ta haifa a kanta, suna yaba mini. Ban san ko Malama Rifkatu tana raye ba. In tana nan, wanda ya san ta ya karanta mata wannan: Malama, ba tambayata ba ce ko ɗaya. Duk nata ne. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.

Ku kuma masu yara a makaranta, roƙo ɗaya nake yi muku. In yaro ya zo da abin da aka koya masa, ku ajiye abin da ke hannunku ku tambaye shi wani abu, ko da kuna ganin tambayar wauta ce, ko da zai gane ba ku sani ba. Kada ku bar shi ya je gaban aji ya ƙirƙiro muku uba.