Jakar Gero a Idon Sawu

Shekarar da na faɗo daga kan motar gyaɗa a kasuwar Ajingi, ƙashi bai karye ba, jijiyar gwiwa ce ta tsinke. Maɗori ya lallatsa ya ce wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti a Kano aka yanka aka ɗinke, aka sa min siminti daga cinya har idon sawu. Ran da aka fasa shi na kalli ƙafar na ce, wannan kuma ta wace ce? Cinyar ta tsotse, ta koma kamar taɓarya.

Mai gashin ƙashi ya ce in na koma gida in zauna a wuri mai tudu, in ɗaura nauyi a idon sawu, in miƙe ƙafar, in riƙe, in sauke a hankali. Safe da yamma, kuma duk mako a ƙara nauyi. To mu a ƙauyenmu Balan ina muka ga ƙarfen asibiti? Gero muke da shi. Ƙanwata ta ɗinka jakar tsumma, muka fara da mudu ɗaya.

Ina dawowa Baffa, ƙanen marigayi mahaifina, ya zo dubiya. Bai ɓoye min ba.

"Yaro, in ruwan shuka ya sauka ba ka miƙe ba, 'yan'uwanka za su nome gonar. Ba za a bar ta saura ba."

Na ce, "To, Baffa." Amma na san gonar da ta shiga hannun dangi da sunan aro, sai an sha fama kafin ta dawo. Ita kaɗai Baba ya bar mana.

Wallahi na gaji da aikin nan tun a makon farko. Ka zauna a kan dakali, ƙato da kai, kana zufa a kan abin da kaza za ta cinye a kwana uku. Cinya na rawa, gwiwa na zugi, nishi na fita ko ban so ba. Masu wucewa su ce sannu, har na tsani kalmar.

Inna kuwa ko sannun ba ta cewa. Ni ne ɗanta na fari, kunya ba ta barin ta kira sunana, balle ta yi min magana kai tsaye. Sai dai ta ce wa ƙanwata, "A gaya wa wancan abinci na nan." Ina nishi za ta gifta da ƙwarya ba ta ko waiwayo ba. Abin ya riƙa yi min ciwo. A ɗakinta jakar ke kwana saboda ɓera, ita ce kuma ke ƙara geron duk Juma'a.

Daga mako na huɗu sai na ji abin ya fara sauƙi. Jaka na ta kumbura, ni kuwa ina ɗaga ta ba wahala. Har na aika wa Baffa cewa ya sha kuruminsa.

Ruwa ya sauka, na saɓi sungumi na tafi gona. Ban gama layi na uku ba gwiwar ta lanƙwashe, na zube a cikin laka. A kan jaki aka dawo da ni.

Ina shiga gida na ga jakar a kan dakali. Haushi ya sa na ɗauke ta na maka da bango. Ɗinkin ya ɓarke, sai ga ƙaiƙayi yana tashi. Geron da ke ƙasa ko mudu biyu bai kai ba.

Ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba sai ranar.

"Wa ya yi min wannan? Wa ya kashe ni?"

Inna na bakin murhu, ta ba ni baya. Da ƙanwata ta yi magana.

"Ki ce masa ni ce. Ki ce masa in yana nishin nan, tuwo ba ya wuce min."

Washegari 'ya'yan Baffa suka shuka gonar. Da kumburin gwiwar ya sabe na koma mudu ɗaya, na auna da hannuna. Na riƙa cusa bakin rigata a baki ina cijewa, don kada Inna ta ji nishina.